Giyar gida ta ƙi kwanciya, in na tace kuma ƙamshin hublon ya gudu, mi ne dabara?

Ɗan Arewa Yantala

Barkanku da yamma ƴan uwa. Tambaya gare ni zuwa ga waɗanda sunka san harkar dahuwar giya cikin gida, ba ta saidawa ba, wadda dai za a sha da dangi in biki ya zo. Na san da yawa cikinmu ba su sha kuma ina girmama hakan, wanda abin bai shafa ba ya yi min haƙuri ya wuce.

Ga yadda nike yi. Litar 20 nike dafawa, tsiron sha'ir kilo 3 da yayana ke aiko min daga Beljik tare da hublon, wato furen nan da ke ba giya ɗaci da ƙamshi, irin wanda ake ce ma Cascade, sai in ƙara tsiron jar dawa kilo 2 wanda nike yi da hannuna nan gida, don sha'ir ɗin tsada gare shi kuma ba kullum ake samun mai zuwa ba. Ina jiƙa su tare cikin ruwan zafi wajen digiri 66 awa guda, in tace, in tafasa awa guda bisa gaz, hublon garam 20 tun farkon tafasa don ɗaci, in ya huce in juye cikin bido in sa yis in rufe da tiyo mai shiga cikin kwalbar ruwa. Bayan sati guda sai in buɗe in watsa wani hublon garam 50 haka nan ɗanye saboda ƙamshi. To wallahi in ka kai hanci bakin bidon nan lokacin, ƙamshin lemu da na fure ne ke tashi, ba ka da ta cewa.

Amma giyar ba ta kwanciya. In na zuba cikin kofin gilashi ko yatsana ba na hangowa ta baya, ga wani hazo fari-fari, kuma in ta shiga firigo abin ƙaruwa yake. Sai na koma ina tace ta da farin ƙyalle ninki biyu kafin in ɗura kwalba, ta ɗan yi haske kaɗan ba laifi, amma ba a daɗewa ƙamshin nan duk ya tafi, kala ta yi duhu, bakin kuma sai ka ji wani ɗanɗanon kwali da ya jiƙe. Wani abokina ya ce in sa jelatin irin na masu kek, wani kuma ya ce kar in kuskura don jelatin ɗin shi ma janye ƙamshin yake yi ya kai ƙasa. Yis ɗin da nike sawa na giya ne mai suna US-05 in akwai, in ya ƙare in sa na burodi.

Ina so in yi ta Kirsimeti ta fito garau kuma ƙamshin na nan, don surukaina za su zo daga Dogon Dutsi. Wanda ya sani don Allah ya taimaka min.

Abdu Talaje

Ni dai ban san giya ba ɗan uwa, amma mu ruwan kogi in ya yi ja da damina alif muke jefawa cikin tonno, kafin ka ankara duk lakar ta sauka. Wasu kuma ƙwayar zogale suke dakawa su zuba, shi ma yana aiki sosai. Ka gwada ɗan kaɗan mana cikin kwalba guda ka gani, in ya yi shi ke nan ka huta da neman kayan Turai.

Tsohon Labo

Ɗana sannu da ƙoƙari. Na yi aiki a ɗakin gwaji na wani kamfanin giya da lemu shekaru masu dama kafin in ajiye aiki, bari in faɗa maka abin da na sani.

Da fari, Abdu na gode da niyya amma kada a sa alif cikin abin sha irin wannan. Aikinsa kama laka ne cikin ruwa, a giya ɗaure baki zai yi ya ɓata ta. Zogale kuma furotin ne cike da shi, alhali furotin na cikin abubuwan da ke kawo hazon tun asali, ga nasa ɗanɗanon da zai bari.

Yanzu maganar ƙamshi. Ba hazon ne ya tafi da ƙamshinka ba, iska ce. Lokacin da kake juye giya bisa ƙyalle tana tsiyaya ɗis-ɗis cikin bokiti, kowane ɗigo sai ya haɗu da iska, man hublon mai saurin tashi ya bi iska ya tafi, wanda ya rage kuma oksijin ɗin da ya shiga ya ci gaba da cinye shi cikin kwalba a hankali. Duhun kala da ɗanɗanon jiƙaƙƙen kwali da ka faɗa, duk wanda ya yi aikin nan ya san su, alamar iska ce ba wani abu ba, kuma zafin Yamai yana ƙara wa abin gudu. Daga ranar da yis ya fara aiki, giya ba ta son a zuba ta daga sama, ba ta son a girgiza ta, ba ta son ƙyalle ko rariya. Da tiyo ake zuƙo ta, bakin tiyon ya taɓa gindin kwalba tana cika daga ƙasa ba kumfa. Wannan kaɗai in ka gyara, rabin kukanka ya ƙare.

Sai hazo. Ba iri ɗaya ba ne, kuma kowanne da maganinsa, don haka kafin ka sayi komai ka gano wanne ke gare ka. Zuba mai sanyi cikin kofi ka bar shi bisa tebur ya huce. In ka ga ta washe da ta yi ɗumi, to hazon sanyi ne, wato furotin na hatsi da tanin, sinadarin nan mai ɗaure baki, na ɓawon hatsi da na hublon suke riƙe juna in sun ji sanyi, su saki in sun ji ɗumi. In ka tsayar da kwalba kwana da kwanaki ka ga sama na washewa ƙasa na tara farar laka, yis ne bai gama sauka ba. In akwai tsami da wata ƴar fata-fata a sama, ƙwayoyin cuta ne suka shiga, wannan ba ta da gyara sai wanke kaya da kyau karo na gaba. Na huɗun shi ne nake zargi a wajenka. Ɗiba cokali ɗaya ka zuba cikin farin faranti ka ɗiga Bétadine, maganin nan na sa wa rauni, ɗigo guda, in ya koma shuɗi mai duhu ko baƙi to sitaci ne ya rage bai juye sukari ba. Abin da ka gwada ka zubar, kada ya koma ciki.

Dalilin da ya sa nake zargin sitaci shi ne dawar nan da kake jiƙawa tare da sha'ir a digiri 66. Sitacin sha'ir yana buɗewa tun wajen digiri 60 zuwa 65, shi ya sa 66 ta ishe shi. Na dawa taurin kai gare shi, sai an haura 70 sosai yake buɗewa, a daidai wurin kuma sinadaran tsiro masu mayar da sitaci sukari sun fara mutuwa. Ka ga kenan wani kaso na dawarka ɗanye yake wucewa, sai wajen ɗauraya da tafasa ya narke ya shiga ruwa, lokacin babu mai cinye shi. Yis ba ya cin sitaci, jelatin ba ya kama shi, sanyi ba ya saukar da shi yadda ya kamata, ko matacin kamfani wahala yake sha da shi. Da Najeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988 kamfanonin can suka koma ga dawa, wannan na cikin manyan abubuwan da suka yi fama da su. Maganin shi ne ka dafa garin dawarka daban har ya yi kauri ya nuna, ka sauke ka surka da ruwan sanyi ya dawo wajen 66, sannan ka zuba sha'ir a kai, shi zai yi aikin. Kuma in da hali ka bar jar dawa ka koma fara, jar tana iya zuwa da tanin mai yawa, shi ke ƙara hazon sanyi da ɗaure baki.

Wajen tafasa kada ka ji tausayin gaz. Ya tafasa da ƙarfi yana juyawa, tukunya a buɗe, za ka ga wasu gudaji-gudaji suna yawo, furotin ne ya dunƙule, abin da ake so kenan. In yayanka zai iya haɗo maka da ganyen tekun nan da ake ce ma Irish moss, ƙaramin cokali guda ya ishi litar 20, a sa saura minti 10 zuwa 15 a sauke. Bayan an sauke a sanyaya da sauri, ka dasa tukunyar cikin baho da ƙanƙarar leda kewaye da ita, kada a bar ta ta kwana tana hucewa da kanta. Ka bar ta ta natsu, ka zuƙe na sama ka bar lakar a tukunya.

Jelatin kuwa ba dodo ba ne. Yana rage ɗan wani abu na ƙamshi, gaskiya ne, don man hublon na manne wa jikin yis, duk abin da ya saukar da yis ya saukar da wani kaso tare da shi. Amma abin da yake ɗauka bai kai kusa da abin da ƙyallenka ke ɗauka ba. Ni yadda na fi so shi ne a sauke yis tukuna sannan a sa hublon ƙamshi daga baya, ka ga ba abin da zai ja shi ƙasa. Wato ka bari ta gama tashi sarai wajen sati biyu, ka kai ta sanyi digiri 1 zuwa 4 kwana biyu, ka jiƙa jelatin ƙaramin cokali guda cikin rabin kofin ruwan da aka tafasa ya huce, ka ɗumama shi wajen digiri 65 har ya narke, kada ya tafasa, ka zuba a hankali bisa giyar tana da sanyinta. In da ɗumi ka sa, hazon sanyi bai fito ba balle a kama shi. Kwana biyu ta kwanta. Sai ka sa hublon cikin ƴar jakar ƙyalle da ka tafasa, da cokalin ƙarfe ciki don ta nutse, kwana biyu zuwa uku ka ɗura. Barin shi sati ko fiye ba ya ƙara ƙamshi, ɗanɗanon ɗanyen haki yake kawowa.

Ɗiyar Inna Gamkalle

Baba Tsohon Labo ina wuni. Na karanta ma innata abin da kunka rubuta, ta ce wanga magana taku ta dafa dawa daban ai ita ce aikinsu tun tana budurwa, ita ta yi dahuwar burkutu shekaru kafin ƙafa ta hana ta, kuma ta zauna da matan Gurmawa da na Mosawa ta ga nasu hannu. Ta ce in rubuta ma ƙanena yadda suke yi ko zai tsinci wani abu.

Tsiro in ya bushe sai an murza shi da kyau an sheƙe saiwar da ɗan kan da ya fito duka kafin a kai niƙa, ta ce wannan ba abin wasa ba ne don saiwar tsiron dawa ɗaci gare ta kuma tana da dafi, ko bisashe ba a bari su ci dawa mai sabon toho. In an niƙo sai a dama garin da ruwan sanyi cikin babbar tukunya, a kawo karan guro ko ɓawon dargaza da anka daka anka jiƙa har ya saki yauƙi, a tace yauƙin a zuba ciki a motsa a bar shi. Yauƙin nan shi ke tattara gari ya kai shi ƙasa, ruwa ya taso sama. Sai a kwashe ruwan saman a aje gefe ba a dafa shi, ta ce ƙarfin tsiron duk yana cikinsa, in ka dafa shi ka kashe. Kaurin da ya rage ƙasa shi ake ɗorawa a wuta a yi ta motsawa har ya nuna, sannan a sauke a maido ruwan nan da anka aje a haɗa, nan take za ka ga kaurin ya saki ya tsinke, in ka lasa ka ji zaƙi. Su suna barin shi ya kwana ya ɗan yi tsami, da safe a tace a sake doguwar dahuwa ana kwashe kumfa.

Ta ce amma ka lura, yauƙin kafin wuta ake sa shi, ba bayan giya ta tashi ba, in ka zuba ma giyar da ta nuna ruwan guro ɗanye lalata ta za ka yi. Kuma ta ce ita ba ta gane neman sai an hango yatsa ta bayan kofi ba, tasu cikin ƙwarya ake sha tana motsi da ranta, yau a sa yis gobe a sha jibi ta wuce, ba wanda ya taɓa maido mata don ba ta yi garau ba. Amma ta yarda taku ta kwalba da za ta yi wata tana jira wani abu ce daban.

Ni kuma tawa tambaya Baba, tunda shi yana da sha'ir, sai ya yi wanga raba ruwa da kauri ko dafawa kawai ta isa?

Hajiya Mai Lemu Tawa

Assalamu alaikum. Ni ba ni sha ba ni taɓawa, lemun citta da na bisap da tsamiya nike yi ina saidawa nan Tawa, amma na tsaya na karanta don wahalar guda ce. Citta in ka markaɗa ka tace, wani farin gari shina kwantawa ƙasa, in ka ɗura haka nan cikin buteli mai saye ya gani ya ce ta lalace. Da can sai mu yi ta juyawa daga wanga bokiti zuwa wancan muna tacewa, sai ka iske yajin na nan amma ƙamshin ya tahi. Yanzu sau guda nike tacewa tun farko, in rufe ruf in sa cikin sanyi ta kwana, da safe in ɗebe na sama a hankali in bar farin ƙasa. Na'ana'a kuma ba ni dafa ta tare, sai abu ya kwanta ya yi sanyi nike jefa ta ta ɗan jima in cire, kamar dai yadda mai shayi ba ya sa ta sai zai sauke. To da na ga Baba ya ce a sa ganyen ƙamshin nan daga baya sai na ce lalle gaskiya tai.

Abu guda zan ƙara ɗiyana, jelatin da ake saidawa cikin manyan kantuna mai yawa daga fatar alade ake yin shi, akwai na saniya akwai na kifi, sai an duba bayan kwalin. Ko kai bai dame ka ba, masu yin kek da yawut da ke karantawa su sani.

Ɗalibi Harobanda

Gaisuwa ga manya. Baba ku yi min haƙuri zan ɗan saɓa muku a wuri ɗaya. Tsarin da kuka ba shi daidai ne ga mai kayan aiki, amma ku ƙirga sau nawa zai buɗe bidon nan: ya buɗe ya sa jelatin, ya buɗe ya sa hublon, ya buɗe ya ɗura, kuma duk a lokacin da yis ya riga ya kwanta ba mai cinye iskar da ta shiga. A kamfani akwai gaz ɗin da ake kore iska da shi, shi a Yantala ba shi da shi. Ni abin da nake yi, ina sa hublon ƙamshi lokacin da tashin ya kusa ƙarewa, kwalbar ruwan tana ɗan yin ɓul jefi-jefi, yis na da sauran ƙarfi ya cinye iskar da ta biyo. Eh wani ƙamshin zai bi yis ƙasa, sai in ƙara garam 10 ko 15 a kai in rufe bakin asarar. Bayan kwana uku in ga ta tsaya cak sai sanyi, sai kwalba. Jelatin ma ban cika sawa ba, kwalbar da ta gama yin gaz in ta tsaya cikin firigo sati biyu ba a taɓa ta ba da kanta take washewa.

Wani abin da ba a faɗa ba, in ka sa bido cikin sanyi iskar da ke sama tana tsukewa, sai ta zuƙo ruwan kwalbar nan da iskar waje ta cikin tiyo su koma ciki, ka ga ka yi gudun ƙyalle ka faɗa wani ramin. Dabarar ita ce tun tana tsakar tashi ka ɗaura leda mai kauri mai tsabta ko balan-balan a bakin tiyon ta cika da gaz ɗin giyar, ka bar ta a ɗaure lokacin sanyi, in bidon ya ja numfashi nasa gaz ɗin zai ja.

Sannan ka raba hublon ɗin, kada ka ajiye duka sai ƙarshe. In ka kashe wuta ruwan ya sauko wajen digiri 80 ka zuba wani kaso ka rufe minti 20, wannan ɗanɗanon yana shiga jikin giyar ya zauna, sanyi ko jelatin ba su cika taɓa shi ba. Yis ɗin burodi ka bar shi ma burodi, ba ya son kwanciya, ko ya kwanta da ka taɓa kwalba ya tashi. Yis ɗin giya mai suna S-04 ya fi US-05 saurin sauka ya manne a gindi. In kuma za ka yi da bazara, watan Afrilu da Mayu da muke haura digiri 40, ka ce ma yayanka ya nemo maka kveik, yis ne na manoman Norwe da ke aiki lafiya lau a digiri 30 zuwa 40 kuma yana kwanciya da kyau. Sauran su 18 zuwa 20 suke so, wanda nan sai dai cikin baho da ƙanƙara.

Kwalba kuma mai ruwan ƙasa, ba fara ba ba koriya ba. Hasken rana na juya ɗacin hublon ya koma wani wari marar daɗi cikin ƴan mintoci, ko kofi ka ajiye a rana za ka ji.

Kuma ni ina bayan Inna a wani ɓangare. Farar giyar alkama ta Beljik da ta Jamus da hazonsu ake sha, a Amurka ma akwai masu cika hublon da gangan su bar ta da hazo. Duk giyar da aka sa ma hublon ɗanye da yawa sai ta ɗan yi dishi-dishi, wannan ba aibi ba ne. Na sitaci ne ban yarda da shi ba, don shi abinci ne ga ƙwayoyin da ke tsamar da giya.

Ɗan Arewa Yantala

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba na yi gwajin Bétadine da wata kwalba da ta rage, baƙi ƙirin ya koma, kenan dawar ce. Ɗiyar Inna ki gaida min Inna ki ce na ji maganar saiwa. Hajiya na gode, zan duba kwalin.

Saura abu biyu Baba. In jelatin da sanyi sunka sauke yis, mi zai yi min gaz cikin kwalba? Na biyu bidon ba ya shiga firigona sai dai kwanjilatar ɗin madam, ga wuta da ke ɗaukewa wani lokaci rabin yini, ba za ta lalace ba in tana sanyi tana ɗumi? Kuma tsakanin tsarinku da na Ɗalibi wanne zan bi?

Tsohon Labo

To madalla, an gano ɓarawon. Ki gaida Inna da kyau ƴata, abin da ta bayyana shi ne ainihin hanyar da ta dace da dawa, kuma in da dawa zalla zai yi dole sai ya bi ta, don ruwan saman nan da ba a dafawa shi ne kaɗai mai sinadarin da zai narkar da kaurin. Amma tunda sha'ir ɗinsa ya fi dawar yawa, dafawa kawai ta isa, sha'ir na da ƙarfin da zai juya nasa ya juya na dawa. Kwanan da suke bari ya yi tsami ne kawai ba zai yi ba, tsami da ɗacin hublon ba su cika jituwa ba. Ɗana kafin ka tace ka ɗora a wuta ka maimaita gwajin farantin nan, in bai canza kala ba ka wuce, in ya yi duhu ka ƙara masa minti 20 ka sake dubawa.

Ɗalibi ya yi gaskiya a kan yawan buɗewa, ban musa ba, kuma dabarar ledar nan ka riƙe ta. Tunda ba ka da wurin sanyi mai tabbas, wannan karon bi nasa. Nawa ka ajiye sai ranar da ka sami firigon da bido ke shiga. In ka ga dama ka sa jelatin ɗin a tsarin nasa ma ba laifi, buɗewa ɗaya ce, ka ɗaga marfi kaɗan ka zuba ta gefe ka mayar.

Maganar gaz kada ta dame ka, giyar da ido ke gani garau akwai sauran yis cikinta da ya isa, sai dai ya ɗan ƙara kwanaki. Sukari garam 5 zuwa 6 kowace lita, a narka cikin ruwa kaɗan a tafasa ya huce, a haɗa da giyar wajen ɗurawa, shi yis zai ci ya yi gaz. Kada ka haura haka, don hublon ɗanye yana da nasa sinadarin da ke sake ɓallo wani sukari daga abin da yis ya bari, sai tashi ya dawo cikin kwalba, da zafin garin nan kwalba na iya fashewa ta ji ma yaro ciwo. Shi ya sa ba a ɗurawa sai an tabbata ta tsaya. Ka ɗura guda ɗaya cikin robar lemu, in ka matsa ka ji ta yi tauri ka san sauran ma sun yi, sai a kai su sanyi.

Kwanjilatar zai yi amma da ido, giya na daskarewa wajen digiri 2 ƙasa da sifiri. Ka jera robobin ruwa da suka daskare kewaye da bidon, ka kunna ka kashe kana duba termometar, in wuta ta tafi kada kowa ya ɗaga marfin, ƙanƙarar za ta riƙe shi. Ɗan hawa da sauka na kwana biyu uku ba zai kashe ta ba. Abin da ba a so shi ne kwalaben da suka gama su yi ta shiga sanyi suna fita, hazon sanyi in ya yi ta zuwa yana komawa daga baya zama yake yi dindindin. Waɗanda ba su sami wuri a firigo ba ka bar su cikin kwali a ɗakin da ya fi sanyi, a tsaye.

Lissafin Kirsimeti kuma, sati biyu na tashi har da hublon, kwana uku na sanyi, sati biyu na gaz, sati ɗaya zuwa biyu a firigo, wajen sati shida kenan, sai ka ɗora tukunya cikin kwanaki goman farko na Nuwamba. Kada ka riga haka da yawa don ƙamshin hublon raguwa yake kullum ko an yi komai daidai. Lokacin da sauran zafi da rana, ka sa bidon cikin baho da ruwa kana canza ƙanƙara safe da yamma kwana huɗun farko. Sauran hublon da ka buɗe ka matse iskar ledar ka ɗaure ka jefa kwanjilatar. Ranar sha a zuba a hankali a tashi ɗaya, a bar kamar yatsa guda a gindin kwalba.